Kafin a Rufe Ƙofar Madatsa

"Kalle ni mana, Khoa."

Bai ɗago ba. Yana durƙushe a kan jirgin ruwan babansa yana naɗe komar jatan lande, kamar ba da shi take ba.

"Khoa... don Allah."

"Ki koma gida, Eulalie. Ana neman hannu wajen rufe tagogi."

Eulalie. Tun da suka fara soyayya bai taɓa kiran cikakken sunanta ba, Lalie yake ce mata. Ta ji abin ya soke ta har ƙahon zuci.

Ta ko'ina a garin ƙarar guduma ake ji, ana buga katako a tagogi. Motoci sun yi jerin gwano a hanyar arewa, katifu ɗaure a kansu. Tun safe rediyo ke maimaita magana ɗaya: guguwar ta juyo kansu, teku zai tunkuɗo ruwan da zai iya shanye rufin gidaje, kuma kafin yamma za a rufe ƙofar madatsa. Duk jirgin da bai shigo ciki ba, ya zama na teku.

"Ba zan bar garin nan kana fushi da ni ba," ta ce.

"Fushi?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Iyayena sun sa kayansu na coci, sun ɗauko tiren shayi da 'ya'yan itace, suka zo neman aurenki. Babanki ya bar su a tsaye a kan matakala. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga baƙin da suka zo suka cinye masa ruwa ba. Asibiti ɗaya aka haife mu da ke, Eulalie. Kina bayansa a tsaye, ko tari ba ki yi ba."

Hawaye suka cika mata ido.

"Tsoro na ji..."

"Na sani. Garrett ma ya faɗa min sauran. Ya ce a motarsa za ki tafi yau, gidan iyayensa, an kusa sa rana."

"Garrett ya ce haka?"

Garrett ɗan mai jiragen kamfanin mai ne, shi Papa, mahaifinta, yake so ta aura. Kullum yana gidansu yana yaba miyar gumbon kakarta, alhali rabi yake bari a kwano.

"Ƙarya yake yi," ta ce. "Ko gaisuwarsa ba na amsawa da daɗi. Ni da kakata za mu tafi, makarantar da aka buɗe wa jama'a can tudu." Ta sauko cikin jirgin ta kama hannunsa. "Kai nake so. Idan guguwar nan ta wuce, a gaban kowa zan faɗa wa Papa. Ko ya yarda ko kar ya yarda."

Ya daɗe yana kallonta, sannan a hankali yatsunsa suka rufe nata.

"Kin iya wahalar da mutum, Lalie."

Daga ɗakin tuƙi babansa, Mista Loc, ya leƙo da ƙaton murmushi.

"In kun gama, akwai guguwa a hanya. Ko in ce mata ta jira ku?"

Lalie ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta gaishe shi. Ya ɗaga mata hannu ya koma ga injinsa.

A gida ta tarar da kakarta tana naɗe hotuna cikin tawul, ta kuma dage sai an sa tukunyarta ta baƙin ƙarfe a mota.

"Mawmaw, ba wuri."

"To ke ki sauka, tukunyar ta zauna. Ta riga ki zuwa gidan nan."

Suka ɗora kujeru a kan tebur, suka kashe gas, suka cika jarkoki da ruwan sha. Sama ta yi wani irin launi kamar tsohon ciwo, tsuntsaye duk sun ɓace. Papa kuwa tun hantsi ya fita ɗauko jirginsa daga bakin teku. Injin ya kwana biyu yana tari, amma Garrett ya yi alkawarin turo jirgin da zai ja shi in ta ɓaci.

Suna shirin tayar da mota wayarta ta yi ƙara.

"Lalie." Muryar Papa ce, iska na yanka ta. "Injin ya mutu. Ina waje, ƙofar tana can gabana. Garrett ba ya ɗaukar wayata."

Ta kira Garrett. Ya ɗauka, kiɗa na tashi a motarsa.

"Ai na yi nisa, ƙawata. Jiragenmu duk an kai su can gaɓar yamma tun jiya. Ki ce ya kira masu ceto."

Ta kira su. Suka ce mutanensu duk suna kan ruwa, za su zo in sun samu sarari.

Sunan mutum ɗaya ya rage. Ta tsaya tana kallonsa a wayar, tana tuna matakalar gidansu.

"Khoa... Papa ne."

Ya saurara har ta gama. Shi da babansa sun riga sun shige da jirginsu cikin mashigin ruwa, can nesa da ƙofa, inda masunta ke ɗaure jiragensu a jikin itatuwa su zauna ciki har guguwa ta wuce.

"Ba mu gama ɗauri ba, Lalie. Saura igiyoyin baya."

"Na sani. Na san ba ni da bakin roƙonka. Amma shi kaɗai gare ni..."

Ta jiyo muryar Mista Loc daga nesa, yana magana da harshensu, sannan ya ɗaga murya don ta ji.

"Ɗauki ƙaramin jirgin ka je. Tun ba a haife ka ba nake ɗaure jirgi. Je ka ɗauko surukinka, ko ya daina hararar mu."

"Ki tafi da Mawmaw yanzu," in ji Khoa. "Zan kawo miki shi."

A makarantar, cikin ɗaruruwan mutane da kukan jarirai, Lalie ta zauna da waya a cinya. Can saƙo ya shigo: Khoa da Papa sun shigo, ana rufe ƙofar a bayansu. Ta kifa kai a kafaɗar kakarta tana gode wa Allah.

Abin da ba ta sani ba, iskar ta riga lokacin da aka yi mata tsammani. Khoa ya juya zai koma wajen babansa, igiyar ruwa ta kusa kifar da shi. Masu gadin ƙofar suka janye shi da ƙarfi zuwa ɗakinsu na kankare, shi da Papa. A can suka zauna, yana kiran jirgin babansa ta rediyo, har muryar tsohon ta daina amsawa.

Ruwan ya haye madatsa ya shiga mashigi. Tsohon ya ɗaura igiyoyin baya, amma aikin mutum biyu ne, ba su ja yadda ya kamata ba. Jirgin ya juya ya bugi itatuwa ya kife.

Sai da ruwa ya janye aka sami gawar tsohon cikin ciyayin fadama.

A cocin da rabin rufinsa ya tafi aka yi masa addu'a. Papa ya tsaya a baya, hula a hannu, ya tsufa cikin 'yan kwanaki. Da aka fito ya je gaban Madam Hanh, matar mamacin, ya durƙusa a cikin taɓo.

"Na wulaƙanta ku a ƙofar gidana. Mijinki ya biya ni da ransa. Jirgina na ɗanki ne. 'Yata ma, in har yana so..."

Madam Hanh ta dube shi da busassun idanu.

"Tashi, Mista Ovide, kana ɓata wandonka. Mijina ba ciniki ya yi da kai ba."

Ta wuce.

Lalie ta sami Khoa washegari a inda gidan iyayensa yake a da. Turaku kawai suka rage. Yana loda abin da ya tsira a bayan mota.

"An ce za ku tafi Texas."

"Wajen yayata. Mama ba za ta iya kallon ruwan nan ba."

"Kai fa?"

Ya ci gaba da loda kayan.

"Ka zage ni, Khoa. Ka ce ni na kashe shi. Ka faɗi wani abu..."

"Ba ke ba ce." Muryarsa ta dushe. "Kowace 'ya haka za ta yi. Ni na san igiyoyin nan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Na sani sarai, na kuma tafi."

"Shi ya ce ka je."

"Da bai ce ba ma zan je. Tun da na ji muryarki na riga na tafi." Ya share fuska da bayan hannu. "Kin san abin da ke hana ni barci? Da za ki sake kira yau, zan sake zuwa."

Ta matso za ta taɓa shi, ya ja da baya kaɗan.

"Zan jira ka, masoyina. Ko shekara nawa ne."

"Kar ki jira. Ina son ki, Lalie, ban san yadda ake dainawa ba. Amma duk sanda na kalle ki, babana nake gani yana ɗaga min hannu daga kan jirgi. Ba zan iya kai wa Mama wannan gida ba. Ke ma ba zan so ki rayu da mijin da ke kau da kai in kin shigo ɗaki ba."

Ya sumbaci goshinta. Ya shiga mota gefen mahaifiyarsa, suka bi hanyar da aka share tsakanin karyayyun itatuwa.

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Papa na tsakar ɗaki yana kwashe taɓo da shebur. Ya ga fuskarta, sheburin ya tsaya a hannunsa.

"Na yarda da shi, Lalie. Wallahi na yarda."

"Na sani, Papa."

Ta karɓi sheburin daga hannunsa, ta sunkuya ta ci gaba daga inda ya tsaya.