Bawul ɗin Ruwa

Da almuru, a hawan dutsen Narin, allurar zafin motata ta kai ja. Ina buɗe bonet sai ga mutum a gefena, hula ta rufe masa fuska. Ban ji takunsa ba.

Ya taɓa tiyon lagireto. "Sanyi ƙalau, ga inji yana tafasa. Bawul ɗin ruwa ne ya maƙale."

Ya ɗora tafinsa a kan injin, bai ɗauke ba. Bakina yana tururin sanyi, nasa babu.

"Tun bazara nake cewa ka canza shi, mai kunnen ƙashi."

Yayana Toktobek kaɗai ke ce mini haka. A motar nan ya cika, ranar da ta yi zafi ta tsaya mana a hanyar asibiti.