Takardar da ke Aljihun Pak

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Muryar Chio Seng ba ta wuce lungun ba. A waje mutum dubu goma ke ihu, dawakai sun shawo kwanar ƙarshe. Abin da ya tsara ke nan: sakan saba'in na tseren ƙarfe uku, lokacin da duk idon da ke tsibirin Taipa yana kan kofato. A lokacin ake turo kuɗin tagogin cacar sukuwa zuwa ma'ajiyar gidan cacar da ke manne da filin, ta wannan siririn lungu.

Masu gadi biyu suka zube. Madam Tou mai riƙon makulli ta tsaya ƙiƙam.

"Ɗana, ka yi tunani..."

"Ban haɗa komai da ke ba, Inna. Makulli!"

Ung, siririn da ya kawo taswirar wurin, ya fizge makullin, ya buɗe akwatin da ake turowa, ya juye kuɗin cikin jaka uku. Suka banke ƙofar baya — ga mota, babu direba!

Sakan goma. Sha biyar. Sai ga Pak, direbansu, ƙanen matar Seng, ya taho a guje, gumi sharkaf. Suka faɗa ciki.

"Gidan uban wa ka je?"

"Bayan gida, Yaya. Cikina ne."

"Taka ta!" Seng ya dafa kafaɗarsa.

Pak ya zabura, ya ture hannun. "Kar ka taɓa min kafaɗa!"

Seng ya janye hannunsa a hankali. Shekara goma sha biyar yana cin shinkafa tukunya ɗaya da wannan mai tumbin, Pak bai taɓa ɗaga masa murya ba. Abin ya tsaya masa a rai.

A lungun kuwa, Sufeto Kuok ya gama tambayar Madam Tou bai samu ko tsinke ba.

"Fuska a rufe, ranka ya daɗe. Su biyu na gani."

"A toshe gada," in ji Kuok. "Suna cikin tsibirin nan. A baza motoci har Coloane, can ƙarshen tsibirin, a buɗe kunne."

A Coloane ɗin suke, cikin wata tsohuwar rumfar gyaran jirage. Kwale-kwalen da zai ƙetarar da su yana ɗaure a bakin ruwa, ana jiran ruwan teku ya ciko. Pak ya raɓe a kusurwa, hannu ɗaya cikin aljihun riga, siririyar wayar sauraro maƙale a kunne. Ung ya matso kusa da Seng.

"Oga, surukin nan naka fa."

"Me ya yi?"

"Bayan gida? Ni da idona na gan shi a taga ta shida. Ya yi ƙus-ƙus da wani, an miƙo masa takarda."

"Pak ya bar cacar doki tun bara. A gabana ya kunna turare ya rantse wa yayarsa."

"Yauwa. To in ba doki ba, me ya kai shi? Kuma wa yake saurare a kunne?" Ung ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai ban ce komai ba. Bari in kai jakunkuna jirgi."

Seng mutum ne da zargi ya raya shi. Sau biyu zargi ya fitar da shi daga tarko, shi ya sa ya fi yarda da shi a kan kowane ɗan Adam. Yanzu kuwa tsoro ne ya cika shi, tsoron a ce na gida ne ya sayar da shi. Ya zaro bindiga.

"Pak. Mene ne a aljihunka?"

Pak ya ɗago, fuska ta yi fari. "Ba komai, Yaya."

"Cire abin kunnen nan."

"Minti ɗaya! Don girman iyayenka, minti ɗaya. Suna bincike, yanzu za su faɗa."

"Su wa ke bincike?"

"In na faɗa yanzu ta lalace. Ka bari, Yaya!"

Can nesa jiniya ta yi kuka, ta ɗauke. Seng ya ɗana kunama. Sai idon Pak ya buɗe tar, ya miƙe zumbur, ya fizgo hannu daga aljihu —

"Yaya! Ta —"

Tau!

Pak ya jingina da bango, ya sulale. Wayar kunnen ta fice daga wata 'yar rediyo da ke jikinsa, murya ta cika rumfar: alƙalan tsere sun gama bincike, doki mai lamba tara ya ci ba gardama, kowace pataka ɗaya, kuɗin garin, ta haifi tamanin.

Seng ya buɗe yatsun Pak. Tikitin sukuwa ne. Lamba tara, pataka dubu biyar. Sai a lokacin ya tuna abin da kowa a garin nan ya sani: ba a dafa kafaɗar mai caca, kuma ba ya furta dokinsa kafin sakamako.

"Kar ka gaya wa yayata... na karya rantsuwa," in ji Pak. Daga nan rai ya yi halinsa.

Injin kwale-kwale ya tashi. Seng ya leƙa, ya hango Ung tsakiyar ruwa da jaka uku, ko waiwaye babu.

Ƙarar harbin ce ta kawo Kuok. Ya tarar da Seng zaune a ƙasa, kan Pak a cinyarsa, bindiga yashe gefe.

"Wa ya ba ku labarinmu?" Seng ya tambaya.

"Labari?" Kuok ya ɗaura masa ankwa. "Da ba ka yi harbi ba, da mun wuce."

Shekara ashirin da huɗu aka yanke masa. Tikitin ya zauna a ambulan ɗin shaida har wa'adin karɓar kuɗinsa ya wuce. Matarsa ta zo gidan yari sau ɗaya tak, ta tambaye shi abin da ƙanenta ya faɗa a ƙarshe.

Seng ya ce mata Pak bai ce komai ba.