Ranar da Inna Ta Shafa Maraƙin Bature

Bushira na kicin tana zuba shayi a fulas, tana jin komai, don maganar da ake yi a falo ba a ɓoye ake yin ta ba.

"Na gama magana," in ji Inna, uwar mijinta. "Ranar Lahadi tare za mu hau jirgi, ita da jaririyar. Ta zauna a gabana a Dangora har ka gama karatun."

"Haba Inna!" Muzammil ya marairaice. "Saura fa shekara biyu. Me ta yi miki?"

"Me ta iya? Yarinyar da ta tashi a ruga tana bin shanu, ita ce za ta riƙe maka gida a ƙasar Turawa?"

Wata biyu ke nan da Inna ta zo Birtaniya wankan jego, kuma tun daga filin jirgi take wannan mita. Da ma can ba ta so auren ba. Ɗan nata ne ya ga Bushira lokacin yana koyarwa a Doguwa, ya kafe sai ita. Bushira ta share hawaye da bakin mayafi, ta fito ta durƙusa. "Inna, an shirya."

Ranar hutu ce, Muzammil ya ɗauko hayar mota don ya nuna wa Inna ƙauye da teku kafin ta koma. Suna barin gari sai ga tuddai kore shar, ga shanu da tumaki birjik. Wayyo gida! Bushira ta jingina kai da gilashi, ta tuna duwatsun Doguwa da damina, da hayaƙin da babanta ke turara wa garke don korar ƙuda, da ɗumin madarar safe a ƙwarya.

Inna ma ba ta tsira daga kewar gida ba. "Ikon Allah, sai ka ce hanyar Tudun Wada a watan Agusta! To ina mutanen? Shanu ba makiyayi?"

Suka tsaya a wata 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa makiyaya. Muzammil ya rungumi jaririyar, Ramla, yana ta fama da ɗaukar hoton selfi. Can Inna ta hango wani jan maraƙi kwance cikin ciyawa.

"La ila! Irin na mijina marigayi Malam sak!" Ta nufe shi, ta sunkuya tana shafa masa kai yadda ta saba a gida. Ba ta san shanun nan ba su saba da hannun baƙo ba. Uwar maraƙin ta ɗago, ta yi huci, ta sunkuyar da kai ta taho.

"Inna, gudu!" Muzammil ya ƙwalla ihu.

"Kar ki gudu, Inna!" Muryar Bushira ce, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga ba. Tuni ta sha gaban tsohuwar, ta ware mayafi da hannu biyu. "Ki ja da baya a hankali — kar ki juya mata baya. Ki matsa daga ɗan."

Sannan ta sassauta murya, tana yi wa saniyar magana da Fulatanci, tana ƙyasta harshe kamar yadda babanta ke yi. Saniyar ta tsaya, ta kafta ƙasa da kofato sau biyu, ta zuba mata ido. Da ta ga an ba ta hanya, sai ta wuce wurin ɗanta tana lasarsa.

Daga nan suka wuce bakin teku. La'asar ta yi, Inna ta tuɓe takalmi ta ajiye a kan yashi kamar a bakin rafin garinsu, ta ɗebi ruwa ta kurkure baki.

"Tuf! Wane mugun ne ya zuba gishiri haka?"

Kafin ta idar da sallah, ruwa ya ƙaro ya yi gaba da takalman. Bushira ta cire nata ta ajiye mata, ita kuma ta tsaya ƙafa ba komai a kan duwatsu masu sanyi kamar ƙanƙara. Inna ta dubi ƙafafun nan, sai hawaye shar.

"Ba kya kewar gida ne?"

"Kullum, Inna. Wani lokaci har kuka nake in na tuna Doguwa." Ta sunkuyar da kai. "Amma wa zan bar wa shi a nan?"

"Ni da ke duk 'yan ƙauye ne, na zo ina yi miki hura hanci. Ki yafe mini." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, mai cewa in gudu da wannan gwiwar, soke tikitin nan. Ni kaɗai zan koma."

Muzammil ya yi dariya, idonsa cike da ƙwalla.

Shekara uku Bushira na shan gori ba ta taɓa mayar da ko kalma ɗaya ba, kuma Allah bai bar ta ba. Iyayenmu, a daina auna suruka da gidan da ta fito. Tarbiyyar da kuke rainawa, wata rana ita za ta tsaya tsakaninku da halaka.