Ɗaki Mai Kallon Kogi

Bayan isha'i motar Alhaji Nasidi ta mutu tsakanin Tsibiri da Maradun. Direba ya tafi neman makanike, shi kuma ya kulle ƙofofi, ya buɗe waya yana duba manyan otal-otal na birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, inda zai je likitoci su duba masa gwiwa. Shi ne ɗan kwangilar da aka ba aikin ɗakin haihuwa na ƙauyen Tsibiri, ya kai ginin iya tagogi ya watsar.

Can sai kukan gyare ya ɗauke ɗif. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar, alhali rani ne.

"Sannu da hutawa, Alhaji," in ji wata mace daga kujerar baya. "Zaɓi wanga ɗaki mai kallon kogi. Gadonai da ka gani akwai taushi."

Bai waiwaya ba, ya ce, "Baiwar Allah, ke wace ce?"

"Ranar da naƙuda ta kama ni mun iske gininka babu rufi, muka kamo hanyar asibitin Mafara. Nan daidai tafiyar ta ƙare, ni da ɗiyata."

Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Babu kowa a kujerar, amma ta lotsa. Sai ya ji numfashin jariri, mai sanyi kamar ruwan randa, yana busa masa ƙeya.