Sakkin Gidan Baba Umaru

Da safiyar Laraba aka kira Insifekta Ma'aruf zuwa unguwar Hindawiyya a Makka. An ce wani dattijo, Baba Umaru, ya cika a gidansa, amma likita ya duba gawa ya ƙi sa hannu a takardar rasuwa.

Ma'aruf haifaffen Makka ne, a bakin kakarsa Bakanuwa ya tsinci Hausa. Shi ake turawa lungunan da maƙwabta ke rufe baki in sun ga kaki.

Yana tura ƙofar ɗakin mamacin ya ja da baya. Sanyi ne kamar na ɗakin ajiye nama, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ruri an ƙure shi. Ya durƙusa ya dafa kafet ɗin ƙarƙashin gado, tafin hannunsa ya taso sharkaf.

A bakin ƙofa wani mutum na tsaye da jajayen idanu. Hisham ne, ɗan mamacin.

"Yaushe ya cika?"

"Jiya da dare, ya sidi, ranka ya daɗe. Lafiya lau yake, har ya sha kunun matar nan."

"Wace mata?"

"Asiya, wadda ta sayi gidan. Jiya da azahar aka mayar da sakki, takardar mallakar gidan, da sunanta. Ni na tsaya masa, ya ba ni wakala, izinin in sayar a madadinsa, tun watan jiya. To ka ga, in ya mutu ai ba sai ta jira mun tashi ba."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ma'aruf dai ya sa aka rufe ɗakin.

Hajiya Asiya bazawara ce mai sana'ar ɗinki. Shekara ashirin da biyu tana haya a unguwar Misfala kafin ta haɗa abin sayen wannan gida. A ofis aka zaunar da ita, makullin gidan a damƙe a hannunta. Tun a mota take jin kalmar kisa na yawo a kanta, kuma ta san abin da ake yi wa mai kisa a ƙasar nan.

"Khala, kin kai masa kunu?" in ji Ma'aruf, yana kiran ta inna da Larabci.

"Na kai, ɗana. Alheri ne wallahi! Dattijo zai bar gidan da ya tsufa a ciki, na ce bari in..."

"Kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Wace irin riga ce a jikinsa?"

"Fara."

"A zaune yake ko a kwance?"

Ta shiga juya makullin a hannunta.

Nan lauyarta Manal ta shigo da fayil a hammata, fuskarta ba annuri.

"Ni na duba sakkin, ya sidi, babu jingina, babu shari'a a kansa. Wakalar ma tana nan daram. Amma wakala da ran mai ita take tafiya, ranar da ya mutu ta mutu. Shi ya sa na ce da khala kada ta miƙa cak ɗin kuɗin gidan sai ta ga mai gida ido da ido a ranar. Ta bugo mini ta ce ta gan shi."

Asiya ta fashe da kuka.

"Ƙarya na yi! Sa'an mahaifina ne, yaya zan kutsa masa ɗaki? Daga bayan ƙofa na durƙusa na gaishe shi. Hisham ya ce yana lazimi, ba ya amsawa. Na ajiye filas na tafi. Kunya na ji in ce da yarinyar nan ban shiga ba."

Kunya ado ce, amma ba a ciniki da ita. Tun kakanni aka ce gani ya kori ji.

"Me kika ji a bakin ƙofar?" in ji Ma'aruf.

"Sanyi. Sanyi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa yana dukan ƙafafuna. Har gida tsikar jikina ba ta kwanta ba."

Bayan la'asar Ma'aruf ya tsaya a ƙaramin masallacin lungun, ya tare ladan, Malam Yusha'u.

"Umaru? Shekara talatin bai rasa Asuba ba sai Litinin ɗin nan. Na tambayi ɗansa Hisham, ya ce ya tafi Jidda wurin 'yarsa Mubina."

"Yana son mukayyif?"

Ladan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Umaru? Mutumin da ke zama can ƙarshen sahu da bargo a tsakiyar zafi? Cewa yake iskar injin nan ce ta cinye masa gwiwa. Na ɗakinsa ma 'ya'ya suka saka, bai taɓa kunnawa ba."

Kafin ya koma mota waya ta yi ƙara. Likita ne. Babu guba, zuciya ce ta tsaya, kuma mutumin ya kai kwana uku da cikawa.

A kicin ɗin gidan Ma'aruf ya tarar da filas ɗin Asiya a bayan buhun shinkafa. Ya buɗe. Cike yake fal, kunun ya yi tsami. A kwandon shara kuwa ledojin ƙanƙara ne har goma sha ɗaya.

Da safe ya jera su a kan tebur, ya sa aka shigo da Hisham. Asiya na rakuɓe a kusurwa kusa da Manal.

"Ka ce ya sha kunu. Ga kunun. Ka ce da ladan yana Jidda, ka ce da khala yana lazimi. A ina yake ranar Litinin, Hisham?"

"Yana... tsufa ne, wani lokaci..."

"Mutum mai gudun sanyi, wa ya kunna masa mukayyif? Wa ya jera masa ƙanƙara a ƙarƙashin gado?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Hisham ya zame daga kujera ya zube ƙasa.

"Ban kashe shi ba, wallahil azim! Ranar Lahadi da yamma na same shi a kan dadduma, ya riga ya tafi. Saura kwana biyu a mayar da sakki. In na faɗa, wakala ta mutu, gida ya zama gado. Mu bakwai ne, ga matarsa a Sakkwato. Na ce kwana biyu kawai, in karɓi cak, in ce kyauta ya ba ni."

"Sai ka ɗora wa baiwar Allah kisa," in ji Ma'aruf.

Hisham ya sunkuyar da kai.

Jama'a, daga bangon duniya mutane ke roƙon Allah Ya kashe su a garin nan, a sallace su a Harami kafin rana ta juya. Shi wannan Allah Ya ba ubansa, ɗa ya tsare shi kwana uku a kan ƙanƙara kamar kifin kasuwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Aka zaro cak ɗin daga aljihunsa, bai kai ga banki ba.

Asiya ta ɗago da ƙyar. "Ni fa, ɗana?"

"Babu kisa, khala. Kuɗinki zai dawo ta hannun kotu."

"Gidan fa?"

Manal ce ta amsa a hankali. "Cinikin ya rushe. Na magada ne, sai abin da suka ce."

Asiya ta dubi makullin da ya yi mata shaida a tafin hannu. Ta miƙe, ta ajiye shi a kan tebur kusa da filas.

An sa wa Hisham ankwa ke nan aka fara kiran azahar. Ya tirje a bakin ƙofa.

"Ya sidi, yanzu za a sallace shi. Ka bar ni in tsaya a sahu, ubana ne!"

Ma'aruf ya gyara hularsa.

"Kwana uku yana jiranka. Ku tafi da shi."