Dabinon Bakin Hanya

Murja, Albarka, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Idirisu, kai ma zauna, zan ba da labarinka kamar ba ka nan.

A garkar mahaifinku ta bayan Dutse akwai dabino guda da ya karkata kan hanya. Tun yana raye ya ce wannan na masu wucewa ne, ba a tsinka don gida, ba a kai shi kasuwa. Bara ya yi 'ya'ya har rassa na rinjaya. Idirisu ya tsaya ƙarƙashinsa yana kallo, kwana uku yana komawa. Rana ta huɗu ya zagaye shi da waya mai ƙaya.

Da magaribar ranar, ana zuba tuwo, wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ƙwas. Kowa ya ɗaga kai. Ƙwas. Idirisu ya ɗauko ya duba, ƙwallon dabino ne, da danshinsa, kamar yanzu aka tsotse. Bai gaya wa kowa ba, ya jefa aljihu.

Haka kullum, rana na faɗuwa. Kaji suka daina shiga akurki. A mako na biyu 'yarsa Safa ta ajiye cokali, ta juya ga bango, ta fara tauna alhali bakinta babu komai.

Aka ɗauko Malam Mailafiya daga Kafin Hausa. Ya yi alwala, ya zauna, ya daɗe yana karatu. Can muryar tsoho ta fito daga bakin yarinyar.

"Shekara arba'in ina ci a bishiyar nan tare da matafiya. Wa ya rufe?"

"Yarinya ba ta rufe ba," in ji Malam. "Fita."

"Zan fita. Amma a tambayi ubanta." Idon Safa ya juyo. "Idirisu, riƙe wayarka. Ka bar mini yarinyar daren Alhamis kawai, ni kuma in sa duk garkar ta yi 'ya'ya irin na bakin hanya."

Idirisu ya ga garkar a idonsa, kowace bishiya ta sunkuya. Numfashi ɗaya ya yi shiru. Ɗaya tak. Sannan ya ce, "A'uzu billahi! 'Yata ce!"

Muryar ta yi dariya. "Na ji shirun."

Malam ya ɗaga karatu har yarinyar ta yi atishawa uku. Kafin ya fita daga jikinta, aljanin ya ce, "Na ba ku zuwa nunar baɗi." Safa ta farka tana neman ruwa.

A zaure Idirisu ya ce, "Malam, Allah ya jarrabe ni."

"Ciwon yarinya shi ne jarrabawa, wannan daga Allah ne. Abin da aka miƙo maka ruɗi ne, aikin wancan. Amma kwana ukun da ka yi ƙarƙashin bishiya, da shirun nan, jaraba ce, taka ce. Ita ba ta fita da karatu."

To, kun ji. Wayar tana nan har yau. Kullum gobe, gobe. Dabino kuwa ya fara ja, kuma jiya da magariba na ga Safa tana kallon bango.

Garkar taku ce ku uku. Ni hannuna ba ya iya kwance waya. Ku yanke magana yau, kafin rana ta faɗi.