Ƙofar Jirgin Sawakin

Ran da Tahani ta fara ganin Hudaifa, ta rako yayarta ziyara ne gidan su Hudaifa a unguwar Misfala ta Makka, ta tarar da shi yana shafa mai a ƙofar ƙarfen da ke fita saman bene. Ya ce ƙofar jirgin ruwa ce, irin mai buɗe baki ya zube sojoji da tankoki a gaɓa. Da yaƙi ya ƙare aka sayar da shi, ya koma jigilar alhazai daga tashar Sawakin ta Sudan, daga baya tumaki, har aka yayyanka shi a Jidda. Kakansa Sada ya yi aiki a ciki, shi ya ɗauko ƙofar.

Ita muryarsa take saurare, ba labarin ba.

Wata uku da aurensu, ta hau kwaso shanya gab da magariba. A matakalar ƙarshe ta ji ƙarnin teku. Ina Makka ina teku? Ruwa mai ɗumi na tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofar.

Ta tura.

Babu bene, babu shanya. Farin yashi ne, da mutane a tsaye cikin harami, leɓunansu duk sun tsage.

"'Yata," in ji wani tsoho, muryarsa a shaƙe, "nan ce Jidda?"

Ta ja da baya, tsohon ya ci gaba.

"Sada ya ce mu sauka, mun iso. Ashe don ba mu da takarda ne. Ya rufe bakin jirgi ya tafi. Kwana tara, ko ɗigon ruwa."

Sai ga takun sawu daga ƙasa.

"Habibti, masoyiyata, an fa kira salla!" in ji Hudaifa.

Tsohon ya shaƙi iska. "Jinin Sada ne."

"Hudaifa, koma!"

Ya riga ya iso. Busasshen hannu ya wuce ta kan kafaɗarta, ya shafi maƙogwaronsa. Ta banko ƙofar, ta danna sakata.

Tun ranar, duk abin da Hudaifa ya kurɓa gishiri ne. Likitoci ba su ga komai ba. Ran kwana na takwas, da harshensa ya kasa juya sunanta, ta hau ta dafa ƙarfen.

"Baba, ku nawa ne?"

Aka ƙwanƙwasa sau ashirin da uku.

"Hajji kuka fito, ko? Ni zan yi muku, kowace shekara mutum ɗaya, har na ƙarshenku. Na yi alkawari. Ku bar mijina ya sha ruwa."